Tsangwama ko Ƙyama? Da Abin da Sunan Yadakunya Ke Faɗi

Wata ɗaliba daga Zariya ta rubuto tana cewa: "Malam, a darasinmu na nazarin zamantakewa mun haɗu da kalmar stigma. Wasu suna fassara ta da tsangwama, wasu da ƙyama. Wacce ce daidai?"

'Yata, kowacce ta kama gefe ɗaya ne. Ƙyama a zuci take, ita ke sa mutum ya janye hannu daga kwanon da wani ya sa hannu. Tsangwama kuwa a fili take: hantara, gori, a tashi idan ka zauna. Ita kalmar da kika tambaya daga Girkanci ta fito, sunan alamar da ake yi wa bawa ko mai laifi a jiki da wuƙa ko wuta, domin kowa ya gane shi ya guje shi. Erving Goffman, masanin zamantakewa haifaffen Kanada, ya yi littafi a kanta a 1963, ya nuna yadda abu ɗaya tak, a jikin mutum ko halinsa ko asalinsa, yake shafe duk sauran mutuncinsa a idon jama'a. Saboda haka ni na fi karkata ga tabo (ba taɓo na laka ba, a kula da harafin). Ciwo yakan warke, tabo ya zauna, mutane kuma tabon suke kallo.

Dubi kuturta. Tun 1873 wani likita ɗan Norwe, Hansen, ya gano ƙwayar da ke kawo ta, ba gado ba ce, ba baki aka yi wa mutum ba. Maganinta na wata 6 zuwa 12 ne, kuma kyauta ake bayarwa tun 1995. Amma wanda ya warke sarai, sunansa kuturu har ya mutu, 'yarsa ma sai masu bincike kafin aure su ja da baya. Wannan ne yake sa mai ɗan tabon fata ya ɓoye shi a ƙarƙashin riga, ba zai je asibiti ba sai yatsu sun fara lalacewa. Abin yana ci mini rai. Asibitin kutare na Kano sunansa Yadakunya, wato yā da kunya. Wanda ya raɗa sunan ya san kunya ce ke tsare mara lafiya a ɗaki.

Wani mai shago daga Maraɗi kuma ya tambayi ma'anar "kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano."

Alhaji, ana faɗinsa ne idan mutum ya sami iko da ba don kuɗinsa ba da bai samu ba. Mai tallan alkaki da ba ta son kuturu ya taɓa kwanonta, idan ya fito da kuɗi sai ta bar shi ya zaɓi na can ƙasa. Ka ga ashe ba kowa tabo yake yi wa nauyi ɗaya ba, talaka ya fi ɗauka. Ni dai ba na jefa wannan karin maganar a gaban wanda ciwon ya taɓa, domin ba ka san wa ke zaune a majalisa ba. Idan zancen ya taso nakan kawo "hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar," wanda ake faɗa wa dangin da suke shirin juya wa nasu baya.