Amsa: tashin zuciya bayan an fara shan digoxin

'Yar'uwa kin ce tunda aka ɗora Mama kan digoxin saboda bugun zuciyarta ba ya tafiya daidai take fama da tashin zuciya, ko maganin ne? Eh zai iya zama shi ne, amma don Allah kar ku tsayar mata da kanku, ku maida ta wurin likitan yau ko gobe a auna yawan maganin a jininta, a duba ƙoda da fotasiyam (wani sinadari ne a cikin jini).

Abin da yasa nake matsa miki, shi digoxin in ya ɗan yi yawa a jini guba yake komawa, kuma tashin zuciya na cikin alamun farko. Haka aka yi da Babanmu, yana haɗawa da Lasix mai sa fitsari, fotasiyam ɗinsa ya sauka, sai ya fara ture kwanon tuwo, ko kunu baya iya shanyewa, daga baya yace hasken fitilar ɗaki ya koma masa ruwan ɗorawa. Da likitoci suka rage masa maganin ya dawo cin abinci. In Mama ta fara amai ko jiri, ko kika ƙirga bugun hannunta bai kai 60 a minti ɗaya ba, ku tafi asibiti ko da dare ne kafin ta sha na gaba. Allah ya ba ta lafiya.