Abin da ke kashe ƙafa a gudu na uku

Ƙanena, ka ce kana atisayen gudun mita 100 a filin Rwang Pam, na farko lafiya lau, amma daga na uku sai ƙafa ta yi maka nauyi kamar an ɗaura mata dutse, kuma abokanka sun ce asid ɗin laktik ne. Na daɗe ina horar da yara gudu a garin nan na Jos, ni ma haka na riƙa gaya musu shekara da shekaru. Sai daga baya na gane babban mai laifin wani ne daban, sunansa fosfat.

Kuɗin da tsoka ke kashewa wani sinadari ne da ake kira ATP. Duk lokacin da aka kashe shi, yakan rabu biyu: ADP, wato ragowarsa, da fosfat. Tsoka tana da wani ɗan asusu, fosfokiriyatin, sinadari mai ɗauke da fosfat, da take cirowa ta mayar da ATP nan take, amma a gudun ƙure ƙarfi asusun bai wuce na daƙiƙa 10 ba. ATP ɗin kansa ba ya raguwa sosai. Fosfat ne ke taruwa: a lokacin hutu bai kan wuce milimola 5 a kowace lita ba (milimola ma'aunin yawan sinadari ne), amma idan tsoka ta jigata yakan kai 30 ko fiye.

To me ya haɗa wannan da ƙarfi? A cikin kowane zaren tsoka akwai furotin biyu, mayosin da aktin. Kawunan mayosin suna kama aktin su ja, su saki, su sake kamawa, kamar masu jan guga a rijiya. Amma jan mai ƙarfi yana tafiya ne tare da furzar da fosfat ɗin da kan ke riƙe da shi. Idan wurin ya riga ya cika da fosfat, sai ya zama kamar ɗan dako da ya iso kasuwa ya tarar babu wurin sauke kaya. Fosfat ya koma ya maƙale, riƙon ya yi sako-sako, masu jan da gaske su ragu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a zaruruwan tsoka masu saurin ja, waɗanda kai mai gajeren gudu ka dogara da su, ƙarfin yana faɗuwa fiye da yadda kashe ATP ke raguwa. Ka tuna motar da ta faɗa taɓo da damina: mai na ƙonewa, taya na juyawa, tafiya kaɗan.

Ba nan ya tsaya ba. Fosfat yana shiga ma'ajiyar kalsiyam ta cikin zaren, ya haɗu da shi su daskare, sai kalsiyam ɗin da ke ba da umarnin a ja ya yi ƙaranci. Masana uku, Westerblad, Allen da Lännergren, sun tattara wannan hujja a 2002. Sun nuna cewa a ɗumin jiki na gaske, tsamin da laktik ke zuwa da shi bai cika rage ƙarfi ba kamar yadda aka zata. Har yanzu masana na muhawara kan rabon kowannensu, amma ni abin da na gani a fili ya fi karkata ga fosfat.

A da ina ba yara hutun daƙiƙa 30 tsakanin gudu, ina ganin hakan ne zai sa su taurare. Lokacinsu sai ƙara lalacewa yake, kuma wallahi har yau abin yana damuna. Ashe a daƙiƙa 30 kusan rabin asusun ne kawai ke dawowa. Kafin ya kusa cika, fosfat ɗin ya koma cikinsa, sai an yi minti 3 zuwa 5. Aikin kuma iskar oksijin yake buƙata, mu da muke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 kuwa, inda oksijin ya ɗan ragu, bai kamata mu yi rowar hutu ba.

Don haka ranar da kake neman sauri, yi gudu biyar ko shida, ka ba kowanne cikakken hutu, kana ɗan tattaki kana numfashi. Da ka ga lokacinka ya fara faɗuwa sosai, ka tsaya, ya isa. Ranar juriya daban ce, nan ne gajeren hutu ke da amfani. Kuma kada ka bar wake, kifi ko nono don tsoron fosfat. Wanda ke taruwa a tsoka daga cikinta yake fitowa. Ka gwada na sati biyu, ka riƙa rubuta lokutanka, ka kawo mana nan mu duba tare.