Keken hawa dutse na farko: mai shoka gaba da baya zan ɗauka ko mai ta gaba kawai?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Dan Allah ina neman shawara kafin in yi abin da zan zo ina da na sani. Na daɗe ina tara kuɗi don in sayi keken hawa dutse, abokaina suna fita daji da kan tsauni ƙarshen mako, ni ko sai dai in ara. Kuɗin ba su da yawa, kuma in suka tafi ba ni da wasu. Na ga kekuna biyu, ɗaya mai shokazoba gaba da baya, giya 21, birkin faifai, manyan tayoyi, an rubuta Shimano a jikinsa, ɗayan kuma shokar gaba kawai gare shi, giyarsa ma ba ta kai ta wancan ba amma ya fi shi tsada. Mai sayarwa ya ce mai shoka biyu shi ne na ainihi, wancan na 'yan koyo ne. Tsawona santimita 172. Tsorona biyu ne, kar in yi asarar kuɗina, kar kuma birki ya ƙi ci a gangara in karye. Wanne zan ɗauka?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ɗauki mai shokar gaba kawai, wato hadtel, ka bar masa mai shoka biyun ya hau abinsa tunda shi ne na ainihi. Kuma ka ma riga ka faɗi dalilin da bakinka ba ka lura ba: keken da aka ɗora wa ƙarin kaya ya zo da araha fiye da wanda ba a ɗora wa ba. Ai ka san wani wuri aka rage.

Wannan maganar ta shokar baya wallahi ta ishe ni, kusan kullum sai an kawo min irin keken nan, ko wilin baya na rawa, ko giya ta ƙi shiga, ko mai shi ya zo da gwiwa a naɗe, kuma duk bakinsu ɗaya, ai an ce min mai shoka biyu ya fi. E ya fi, in na gaske ne. Na gasken kuma kuɗinsa ya ninka na hannunka, babu wata dabara ko rangwame da zai sauko da shi inda kake. Abin da ke bayan wancan keken da ka gani sifirin ne kawai aka naɗa a jikin ƙarfe aka shafa masa jan fenti. Shokar kirki aiki biyu take yi, ta lotsa in ka daki dutse, sannan ta dawo a hankali saboda akwai mai a cikinta da ke bi ta ƙananan ramuka yana riƙe ta. Ta arahar babu man, babu komai, duk ƙarfin da ta karɓa shi za ta maido maka nan take. A kan kwalta ba za ka ji komai ba sai daɗi, kana ta lilo, shi ya sa gwajin minti biyu a gaban shago yake yaudarar mutane. Ranar da ka shiga gangara mai duwatsu a jere sai ka ga bayan keken yana cilla ka sama kamar doki mai tutsu, taya ta bar ƙasa, tayar da ba ta taɓa ƙasa kuwa birki ba ya aiki a kanta ko da na kamfanin wa ka saka, nauyinka ya koma gaba, ka damƙe birkin gaba don tsoro, sai dai a tsince ka.

Ba a nan ta tsaya ba. Duk keke mai shokar baya firam ɗinsa kashi biyu ne da aka haɗa da mahaɗa mai juyawa. A na kirki boris ne rufaffu a wurin. A na arahar noti ne guda da 'yar roba, kafin wani lokaci robar ta cinye, sai wilin baya ya fara kaɗawa hagu da dama, in ka sha kwana ka ji kamar gaban keke da bayansa ba su shirya ba. Kayan gyaran wurin kuma ba za ka samu ba don ba a yi keken don a gyara shi ba. Ga nauyi, irinsu su kan kai kilo 17 zuwa 20, alhali hadtel na masu farawa yana wajen 14 ko 15. Sannan duk taka fedar da ka yi a hawa, wani kaso na ƙarfinka sifirin ɗin ne ke shanyewa.

Yanzu ka yi lissafin da mai ƙera keken ya yi. Kuɗin da ya ware wa keke ɗaya ƙayyadaddu ne. Ya kashe a sifirin, ya kashe a mahaɗa, ya kashe a fenti da sitika, me ya rage wa birki da wili da boris? Sai ka ga hannun birki na roba, kana matsa shi yana lanƙwasa har ya taɓa kan keke kafin fatar birkin ta kama faifan sosai. Mutane suna ganin faifai sai hankalinsu ya kwanta, ba su san birkin faifai na waya mara kyau ba ya kai tsohon birkin da ke kama rim in an saita shi daidai. Abin da ka ce kana tsoro kenan, kuma tsoron naka a kan hanya yake.

Shi kuma sunan Shimano da ka gani, wato kamfanin da ke ƙera giya da birkin keke, sunkuya ka duba da kyau. Galibi abin canza giya na baya ne kaɗai nasu, shi ma Tourney, wanda shi ne na can ƙasa a jerin kayansu, sauran komai ba suna. Jerin daga ƙasa Tourney ne, sai Altus, Acera, Alivio, kana Deore. Giya 21 ɗin kuma uku a gaba ne sau bakwai a baya, da yawansu maimaicin juna ne, wasu ma ba a shiga su don sarƙa na karkacewa. Keke mai faranti ɗaya a gaba da tara ko goma a baya zai hau tsaunin da wancan zai hau, kuma sarƙarsa ba ta yawan zamewa. Wani abu da ba wanda zai gaya maka a shago, yawancin masu bakwai a baya ɗin nan tsohon tsari ne na firiwil, wato jerin haƙoran giyar baya da ake murɗawa a jikin wili, boris ɗin gefen sarƙa yana can ciki nesa da firam, don haka sandar tsakiyar wilin takan lanƙwashe ko ta karye in ana dukan duwatsu. Tambayi mai kaset, wato wanda ake zura haƙoran giyarsa a jikin wili a kulle, ba mai firiwil ba.

Kuma dan Allah ka karanta 'yar sitikar da ke jikin firam ko takardar da ta zo da keken. Da yawa daga cikin irin waɗannan kekunan kamfanin da kansa ya rubuta cewa kar a hau su a wajen titi. Suna da siffar keken dutse, kamfanin ya wanke hannunsa a rubuce, mai sayarwa kuma ya yi shiru. Akwai ma'aunin ASTM F2043 da manyan kamfanoni ke bi: mataki na 1 titi ne mai santsi, na 2 tsakuwa da ɗan tsallen da bai wuce santimita 15 ba, na 3 shi ne hanya mai gargada da tsalle ƙasa da santimita 61. Inda abokanka ke zuwa, na 3 kake nema. In ka tambayi mai sayarwa matakin keken ya fara yi maka labarin ƙarfin ƙarfe yana bubbuga firam da makulli, yi masa sallama.

Masu bidiyon TikTok da YouTube da ake ba kaya kyauta su ma sun ƙara dagula lamarin, su fito da keke daga kwali su danna sirdi sau biyu su ce kai ji laushi, ba wanda zai dawo ya nuna maka keken bayan ya ga ruwa da laka. Alhali wasan nan da aka fara shi a tsaunukan Marin da ke Kalifoniya wajen 1976 da tsofaffin kekuna aka yi shi ba shoka ko ɗaya, keken Stumpjumper da kamfanin Specialized ya fitar a 1981 ma haka yake, shokar gaba ta kamfanin RockShox sai 1989 ta zo. Mutane sun sauko daga tsaunuka da ƙafa da hannu suna yi masu aikin shoka. Mai koyo ma hadtel ya fi koya masa zaɓen inda zai sa taya, don keken ba ya ɓoye masa kuskurensa. Kar wani ya sa ka ji kunya wai na 'yan koyo ne, har gasar duniya ana shiga da hadtel.

To shi hadtel ɗin me za ka duba? Firam na alminiyam daga kamfanin da ke da suna, irin su Giant Talon, Trek Marlin, Specialized Rockhopper ko Rockrider na Decathlon, duk an yi su ne don irinka. Birki na mai, wato wanda mai ke matse shi ba waya ba, Shimano MT200 ko Tektro sun wadatar, da yatsa ɗaya ko biyu za ka tsaya, kuma in kuɗi za su ƙare a wani wuri to su ƙare a nan. Shokar gaba mai lotsawa milimita 100 zuwa 120, a kuɗinka mai yiwuwa SR Suntour XCT ko XCM za ka samu, masu sifirin ne kuma da nauyi amma suna aiki, in ka yi sa'ar mai iska kamar RockShox Judy to ka gode Allah. Ka leƙa inda abin canza giya na baya yake rataye, ya zama wani ɗan ƙarfe ne daban da aka ɗaure da noti, an yi shi ne don ya lanƙwashe a madadin firam in ka faɗi, a cire a sa sabo. Girman wili inci 27.5 ko 29 kar ya hana ka barci, a tsawonka duk za su yi. Na 26 ne kawai zan ce ka yi tunani, tayoyinsa masu kyau suna ƙara wuyar samu.

Saiz kam ba wasa. Santimita 172 yawanci M ne, wato matsakaici, amma kowane kamfani da jadawalinsa, duba nasu. Ka tsaya a kan keken ƙafafu biyu a ƙasa, dole a samu tazara tsakaninka da ƙarfen sama. Kar ka yarda a ce maka L ne ya rage amma za a sauke maka sirdi, sauke sirdi ba ya rage tsawon keke.

In kuɗin ba su kai sabo ba, na hannu mai suna ya fi sabo mara suna nesa ba kusa ba, ni shi ma zan fi ba ka shawara. Sai dai ka je da ido, ko ka je da wanda ya sani. Goge laka ka bi duk inda aka yi walda, musamman wuyan keke da ƙasan wurin feda, layi siriri a fenti kamar gashi yana iya zama tsagewa. Matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas akwai abin da ya saki a wuya ko a fok, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba. Kama wili ka girgiza shi gefe da gefe. Dubi sandunan shoka masu ƙyalli, in sun karce ko sun yi tsatsa ko mai na tsiyaya, kuɗin gyara na jiranka. Haƙoran giya in sun yi tsini sun kwanta gefe guda to sarƙa da kaset duk sai an canza, ka sa wannan a cinikin. Juya keken ka ga lambar da ke ƙasan firam, in an kankare ta ka bar wurin, ka kuma nemi rasit. Sitika kowa na iya liƙawa, ba kowane Trek ba ne Trek.

Firam ɗin alminiyam da ya tsage aka yi masa walda kar ka saya ko kyauta ne. Alminiyam irin 6061 sai an sake gasa shi a masana'anta bayan walda ƙarfinsa ke dawowa, mai walda na bakin hanya ba shi da wannan, kusa da ɗinkin zai sake ɓallewa, kuma ba ya sanarwa. Haka masu gyaran da ke ɗura man birkin mota a birkin Shimano ko Tektro su ce ai mai mai ne. Waɗannan birkunan man minaral suke sha, na mota yana kumbura robobin ciki, yau birki na ci, wani satin ka matsa ka ji iska. Akwai ma masu fesa mai a faifai wai don ya daina ƙara. Ya daina ƙara kam, ya kuma daina tsayawa. In ka ga bakanike ya nufo faifanka da gwangwanin mai, karɓe kekenka.

Ko sabo ka saya a kwali, kai shi wurin mai gyaran da ya san kekunan dutse ya bi notunan ɗaya bayan ɗaya kafin ka fita. A manyan shagunan da ke sayar da komai da komai ana samun keken da aka ɗaura wa fok a juye, gaba ya koma baya, ko makullin wili mai ɗagawa an murɗa shi kawai ba a kulle ba.

Kar ka zuba duk kuɗin a keke. Ware na hular kwano tun kafin ka fara ciniki, sabuwa, mai tambarin inganci na EN 1078 ko CPSC a ciki, don ta hannu ba ka san ko ta taɓa shan ƙasa ba, kuma bugu ɗaya mai ƙarfi take ɗauka ta gama aiki. Sai famfo, tiyub guda na ajiya, safar hannu da man sarƙa. In bayan ka cire waɗannan abin da ya rage bai kai hadtel mai birkin mai ba, ci gaba da aron na abokanka ka ƙara tari na wata biyu ko uku, ko ka ɗauki na hannu mai birkin waya na kirki ka canza zuwa na mai daga baya, tunda firam ɗin da ke da wurin ɗaura faifai zai karɓi kowanne.