Tambaya da amsa: "Tunda na faɗi a kan ƙanƙara tsoro ya hanani sakewa, ya zanyi?"

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗan Kano ne ina karatu a garin Erzurum na Turkiyya, yanzu na dawo hutu gida. Lokacin sanyin da ya wuce abokai suka jani dutsen Palandoken na fara koyon wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda ake ɗaura katako biyu a ƙafa, har na fara iyawa sai nayi wata muguwar faɗuwa gwiwata ta ɗan gurɗe. Tun daga ranar ina tsayawa a saman gangara sai ƙirjina ya kama bugawa ƙafafuna su sandare. Kuma ni ba matsoraci bane, tun ina yaro nake hawan doki, ba a hawan sallah babu ni. Wani abokina mai zamiya da allo ɗaya maimakon katako biyu yace in gwada maindifulnes, shin da gaske yana aiki, kuma bai taɓa addini ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Naji daɗi da ka ambaci maganar doki domin da ita zanyi maka rabin bayanin. Amma kafin mu shiga maganar zuciya bari mu fara da gwiwar nan tukunna, don Allah tunda kana gida ka daure kaje a duba maka ita, ga asibitin ƙashi na Dala nan a kusa. Masu zamiya da katako biyu gwiwa ce wajen da suka fi jin ciwo, musamman jijiyoyin da ke riƙe da ita ta ciki da ta tsakiya, kuma idan ɗaya ta saki to duk sanda ka karkata zakaji ƙafar kamar zata gudu ta barka. In haka ne tsoronka gaskiya yake gaya maka, babu wani motsa numfashi da zai gyara jijiya. In likita yace lafiya lau, to shikenan, sauran aikin na kai ne.

Abin da ke faruwa dakai ba ragwanta bane ko kaɗan. Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, aikinsa gadi, shi ne yake ajiye hoton duk abin da ya taɓa cutar da kai, wanda maciji ya sara ai ko tsumma ya gani sai ya zabura. Kana tsayawa a saman gangarar nan sai ya tuno, ya sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya dawo sama sama, tsoka ta ɗaure, ido ya kafe waje ɗaya. Sannan ka haɗa da tsayin wajen, Kano bata kai mita 500 daga saman teku ba, shi kuwa Erzurum kansa yana wajen mita 1,900, ƙololuwar Palandoken ta haura 3,000, a irin wannan tsayi ga sanyi ko ba tsoro zuciya sai ta ƙara bugawa, to sai kai kuma ka fassara bugun da cewa "na tsorata", fassarar ta ƙara maka wani tsoron a kan na farko.

Yanzu ga inda matsalar take, kuma shi nake so ka riƙe fiye da komai. Mutum in ya tsorata a gangara jikinsa baya yake ja, yana son nesanta kansa da ramin da yake gani, haka Allah ya halicce mu. To amma katakon zamiya da gabansa ake juya shi, sai ka ɗora nauyinka a gaba, ƙwaurinka na danne harshen takalmin, sannan bakin katakon zai ciji ƙanƙara ya bi umarninka. Kana ja baya nauyi ya koma dunduniya, gaban ya yi sakayau, katakon ya ƙara gudu kuma ya daina jin magana, kai kuma ka ƙara tsorata ka ƙara ja baya, haka har ƙasa. Kaga kenan abin da tsoro ya baka shawara kayi shi ne ainihin abin da zai kada kai. Abokinka mai allo ɗaya shima haka ne, in ya tsorata ƙafar baya yake komawa, allon ya ƙi juyawa, ko gefen da ke kallon ƙasa ya kama ƙanƙara ya maka shi, shi yasa su a wuyan hannu suka fi karyewa, ka gaya masa ya dinga saka abin kare wuyan hannu.

Kai da ka san doki ai ka riga ka san wannan. In ka hau a tsorace ka matse cinya ka ɗaure linzami dokin yana sani nan take, kuma ranar kilisa duk wanda ya kafe ido a kan kwata ko a kan yaron da ya gifta to can yake nufa. Ka san inda kake son zuwa nan ake kallo. Wannan ilimin yana jikinka tun kana yaro, a ƙanƙara ne kawai bai samu hanyar fitowa ba saboda tsoro ya cika ɗakin.

To maindifulnes ɗin fa, yana aiki? Yana yi, amma ba yadda yawancin mutane suke zato ba. Ba ya cire tsoro, kuma ni bana ma son ya cire maka, wanda ba ya tsoro a kan dutse shi ake ɗaukowa a makara. Abin da yake koya maka shi ne ka gane lokacin da hankalinka ya gudu, ka dawo dashi inda kake so, ba tare da ka tsaya faɗa da kanka ba. A Hausance ni halarto da hankali nake ce masa. Wanda ya shigar dashi asibitoci wani Ba'amurke ne Jon Kabat-Zinn, a 1979 ya fara wani shiri na sati 8 a jami'ar Massachusetts don masu fama da ciwo da damuwa, kuma gaskiya ne daga zaman tunani na mabiya Buda ya ɗauko tsarin ya cire masa ibadar, ba zan ɓoye maka wannan ba. Abin da zan baka ni babu kiran kowa a ciki, babu karanta komai, numfashi ne da lura, kamar yadda ake motsa tsoka. Kuma wallahi mu ba baƙon abu bane a wajenmu, kullum sau biyar kana fama da zuciyarka ta tafi kasuwar Kwari kana jawo ta ta dawo cikin sallah, kokawar da kake yi don samun khushu'i ita ce wannan tsokar. Addu'arka da ka saba in zaka hau abin hawa ka ci gaba da yinta, hukunci kuma in kana son ƙarin natsuwa ka tambayi malaminka.

Ga yadda zakayi tun kana nan Kano kafin ka koma. Bayan asuba kafin hayaniyar adaidaita ta tashi ka zauna minti 10, ka ja numfashi kana ƙirga 4 ka sake shi kana ƙirga 6, fitarwar tafi jan tsawo saboda lokacin fitar da iska ne jijiyar da ke taka wa zuciya burki take aiki, bugun ya lafa. Ba za'a yi minti ɗaya ba hankalinka zai tafi, zai tafi jarabawa, zai tafi kuɗin jirgi, zai tafi wata yarinya, kar kace ka kasa, ganewar da kayi cewa ya tafi da dawo dashi ɗin shi ne atisayen gaba ɗaya, in ya gudu sau 30 ka dawo dashi sau 30 to ka ɗaga ƙarfe sau 30 kenan. Mafi yawan 'yan wasan da nake aiki dasu a nan suke yankewa, suce "Malam kaina ba ya yin shiru", alhali ba wanda yace yayi shiru.

In kayi sati biyu haka sai ka ƙara na biyu, ka rufe ido ka hau gangarar a ranka. Kana ganin manyan 'yan tsere kafin a sake su sun rufe ido suna karkaɗa hannu kamar masu bin hanya, to wannan suke yi. Sharaɗin shi ne ka kalla da idonka ba kamar kana kallon kanka a bidiyo ba, kaji ƙarar ƙanƙara a ƙarƙashinka, kaji sanyi a kumatu, kaji ƙwaurinka a jikin takalmi, kuma kayi shi da saurin gaske kar ka gaggauta. Abin da mutane suke tsallakewa shi ne saka kuskure a ciki, ka hango kanka ka ɗan zame, nauyi ya koma baya, sannan ka hango ka turo hannuwa gaba ka dawo daidai ka ci gaba. Ƙwaƙwalwarka a yanzu fim ɗaya take dashi, na faɗuwa, kullum shi take haskawa, dole ka bata wani. Da yamma kuma kayi tsayuwa da ƙafa ɗaya ko langa da ƙannenka, in kana da takalmin taya kayi a fili mai siminti, banda kan titi da riƙe bayan mota irin yadda wasu yara suke yi.

Ranar da ka koma kan dutsen, Disamba ko Janairu, ka ajiye girman kai a ɗaki. Hanyoyin ai da launi aka raba su, a Turai da Turkiyya kore ko shuɗi masu sauƙi, ja matsakaici, baƙi na ƙwararru, to ka koma mafi sauƙin da ka riga ka wuce, wadda har zata ɗan gundure ka, ka maimaita ta har jikinka ya yarda cewa ba duk gangara ke cizo ba, sannan ka matsa kaɗan. Ka biya mai koyarwa ko awa 2 ne, kuɗin yafi amfani a nan da a ce ka sayi sabon tabarau. Kafin kowace saukowa kayi abu ɗaya iri ɗaya kullum, dogon numfashi uku, ka taɓa harshen takalmi da ƙwauri, ka zaɓi inda zakayi kwanar farko kawai, ka daina kallon ƙasan dutsen gaba ɗaya domin ba a sauka daga dutse lokaci ɗaya, juyi bayan juyi ake yi. Ka riƙe kalma ɗaya, misali "gaba", ka dinga faɗinta a duk juyi kana fitar da numfashi, wannan ma zai hana ka riƙe iska wanda masu tsoro suke yi basu sani ba.

Akwai wani bincike da nake son ka sani, wata mai bincike Gabriele Wulf da abokan aikinta a 1998 sun ɗora mutane a kan na'urar koyon wannan wasa, wasu aka ce su maida hankali kan ƙafarsu, wasu aka ce su maida hankali kan tayoyin na'urar da ke ƙarƙashin ƙafar, sai na biyun suka fi koyo. Ma'ana in ka tsaya sa ido a kan gaɓoɓinka kana gadinsu sai motsin ya ƙage, amma in hankalin yana waje, kan bakin katakon yana yanka ƙanƙara ko kan layin da kake son zanawa, jiki yakan shirya kansa. Kai yanzu duk hankalinka yana kan gwiwar da ta gurɗe, fito dashi waje.

Kuma kar ka ɗauka kai kaɗai ne. Mikaela Shiffrin 'yar Amurka babu wanda ya kaita yawan lashe tseren kofin duniya a wannan wasa, a 2023 ta wuce tarihin Ingemar Stenmark na nasara 86, amma a Nuwamban 2024 ta faɗi a tseren Killington na Amurka wani abu ya huda mata ciki, raunin ya warke amma da aka zo gasar duniya a Fabrairun 2025 da bakinta tace baza ta shiga irin tseren da ta faɗi a cikinsa ba saboda firgicin bai saketa ba, kuma a cikin watan dai ta ci nasararta ta 100 a Sestriere na Italiya a wani nau'in tseren. Ta ja baya inda ya kamata ta ja, ta ci gaba inda zata iya. Ita kuwa Lindsey Jacobellis mai allo ɗaya nata akasin haka ne, a gasar Olamfik ta Turin 2006 ta yi wa kowa nisa, saura tsalle biyu sai ta kama allonta a sama don burgewa, ta faɗi, Tanja Frieden 'yar Suwizalan ta wuce ta ɗauki zinare, sai 2022 a Beijing tana shekara 36 ta samu nata. Hankali yakan gudu baya wajen faɗuwar jiya, yakan kuma gudu gaba wajen tafi da hoto, duk guduwa ce. Na kawo maka wannan ne saboda na san abokai, wani zai tsaya a ƙasa da waya yana cewa "taho mana ɗan Kano", kar ka sauko don kyamara, kuma in ka gaji ka tsaya ko da rana bata faɗi ba, ƙafar da ta gaji bata jin umarni. Hular kwano kuma kar ka kuskura ka hau babu ita.

Abu na ƙarshe, in kana mafarkin faɗuwar, ko hoton yana faɗo maka a aji ko a kan hanya har ya wuce wata guda yana hana ka barci, wannan ya wuce atisayen asuba, ka ga likitan ƙwaƙwalwa, ana maganinsa sosai kuma ba abin kunya bane. In kuma iya kan dutsen ne to fara da minti 10 ɗin gobe in Allah ya kaimu, kuma in ka hau ranar farko ka rubuto min ka gayamin juyi nawa kayi kafin hankalin ya gudu da yadda kayi ka dawo dashi, daga nan zamu ɗora.