Hukumar kare haƙƙi na iya karɓo rijistar tsarewa?

Tambaya: An tsare ƙanena kwana uku a wani ofishin tsaro, ya fito da tabon duka. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam na da ikon binciken wurin? Daga wata mai karatu, Bagalam, Maraɗi.

Amsa: Ƴar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Ƙa'idojin Paris na 1993, wato ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan hukumomin kare haƙƙin ɗan Adam, sun tanadi irin wannan hukuma ta saurari kowa, ta nemi duk takardar da take buƙata, amma hukunci aikin kotu ne. Rijistar tsarewa, wato littafin da ake rubuta sunayen waɗanda aka tsare, na hannun waɗanda ake zargi, don haka ki riƙe taki hujjar. Yau ɗin nan likita ya rubuta takardar rauni, kumburi yana sacewa cikin kwanaki. Ki ɗauki hoton tabon kusa da nesa, fuskarsa a ciki, ki bar shi a wayar da ta ɗauka. Idan aka tura hoto ta WhatsApp, yana goge bayanin ranar da aka ɗauke shi.