Wasiyyar da Aka Rubuta a Gadon Jinya

TAMBAYA: Malam, mahaifinmu ya yi shekara biyu da shanyewar ɓarin jiki, har wani lokacin ba ya gane mu. Bayan sadakar bakwai sai ɗan ƙaninsa ya fito da takarda mai dangwalen yatsa, wai Baba ya bar masa gidan haya, kuma an rubuta ta saura mako uku ya rasu. Wannan wasiyya ta inganta? Daga 'yar'uwarku a Zariya.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba. Malama, rashin lafiya kaɗai ba ya rushe wasiyya. Abin da alƙali zai bincika shi ne hankalinsa a daidai lokacin da ya yi ta. Imam Malik ya bayyana a Muwaɗɗa cewa mai raunin hankali, da wanda ciwo ke bugewa yana sakinsa, wasiyyarsu tana zartuwa muddin sun san abin da suke bayarwa. Don haka cewa "ai ba ya gane mu" ba za ta wadatar ba. Ranar fa? Ya san gidan? Ya san wanda yake ba wa?

Nan ne iyalai da yawa ke faɗuwa, domin sukan je kotu da ɓacin rai maimakon hujja. Ku karɓo fayil ɗinsa na asibiti, musamman abin da likita ya rubuta a makon da aka yi takardar da magungunan da aka ba shi, don wasu na kashe zafi suna sa mutum magagi. Ku nemo wanda ya yi jinyarsa, ya faɗi ko a ranar yana amsa magana daidai ko sambatu yake.

Ita kanta takardar, dangwale ba ya magana. Ana iya kama yatsan mai barci a dangwala. A mazhabar Malikiyya, ko rubutun hannun mamacin ne, in bai kafa shaidu ba kuma bai ce a zartar ba, ba a aiki da ita. Wanda ya kawo ta shi zai kawo shaidu adalai, a tambaye su ɗaya bayan ɗaya: wa ya rubuta, an karanta masa da harshen da yake ji, da baki ya amsa ko kai ya gyaɗa?

Ko ta tabbata, ba ta wuce sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku na dukiyar, bayan an cire kuɗin jana'iza da bashi. Misali, in dukiyar ta rage miliyan 30, gidan kuma miliyan 18 ne, miliyan 10 kawai zai samu, sai in magada baligai sun yafe masa sauran daga rabonsu. Da ɗan ƙanen magaji ne ma, ko sulusin ba zai samu ba sai da yardarku. Amma in Baba ya bar ɗa namiji, ɗan ƙane ba ya gado.

Ku kai maganar kotun shari'ar Musulunci da ke raba gadon, ku roƙi a hana sayar da gidan, a kuma ajiye kuɗin haya a hannun amintacce. In hukunci bai gamsar ba, sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumin sauraron ƙarar wasiyya da gado.