Fitila ɗaya ko uku? Amsoshi ga masu fara ɗaukar hoton fuska da ƙaramin jari

Wasiƙun wannan makon duk a kan haske suke, daga masu sha'awar ɗaukar hoton mutane waɗanda aljihunsu bai yi nauyi ba.

Wani ɗan'uwa ya rubuto: "Na sayi kyamara ta hannu, ina son fara ɗaukar hoton fuska. Na ga ana sayar da fitilu uku a haɗe, da lemominsu da sandunansu, da araha. In saye su, ko in zuba kuɗin a fitila ɗaya mai kyau?"

Malam, ka sayi ɗaya. Irin waɗannan fitilun na haɗi yawanci ƙwayayensu ba su da ƙarfi, sandunan kuma ba sa jure wahala. Abin da ya fi damuna shi ne fitila uku inuwa uku ce, kuma mai koyo ba zai gane wacce ta ɓata masa fuskar ba. Da guda ɗaya, duk inda ka matsar da ita za ka ga abin da ya sauya.

Kafin ma ka kashe ko sisi, ka gwada taga. Ka zaunar da mutum kusa da tagar da rana ba ta shigowa kai tsaye, ka kashe ƙwan ɗakin. Dalilin kashewar shi ne launi: a ma'aunin launin haske da ake kira Kelvin (K), hasken rana yana wajen 5500K, ƙwan gida mai ruwan ɗorawa kuwa tsakanin 2700K da 3200K yake. In suka haɗu, rabin fuska ya yi ja, rabi ya yi shuɗi, gyaransa a kwamfuta kuma aiki ne ja.

Taga za ta koya maka babban sirrin wannan sana'a. Taushin haske ya dogara ne da girman inda yake fitowa idan an kwatanta da fuskar. Rana ta fi komai girma, amma nisanta ya mai da ita ɗan ɗigo a sama, shi ya sa inuwar tsakar rana take da kaifi. Taga mai faɗi da ke dab da mutum tana lulluɓe fuska, inuwar ta narke a hankali. Aikin lema da akwatin tausasa haske ke nan: su mai da ƙaramar fitila ta zama babba. Saboda haka ka matso da lemarka kusa, har ta kusa shiga hoton. Kuskuren da na fi gani wajen masu farawa shi ne ajiye ta can nesa, sannan su yi mamakin yadda hasken ya yi tsauri.

Nisa yana da wani aikin kuma. In ka ninka tazarar da ke tsakanin fitila da mutum sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai isa gare shi. Wannan abin amfani ne a gare ka. Fitila kusa da fuska, mutum nesa da bango, sai bangon ya yi duhu da kansa ba tare da ka sayi baƙin ƙyalle ba.

Wajen ajiye ta, ka fara da gefe, kamar digiri 45 daga kyamara, sama kaɗan da idonsa, tana kallon ƙasa. Ka riƙa juya fuskarsa sannu a hankali har ka ga ɗan haske mai kusurwa uku a kumatun da ke cikin inuwa. Ana danganta wannan salo da Rembrandt, mai zanen nan na ƙasar Holan da ya rayu daga 1606 zuwa 1669. Ka kuma duba ƙwayar ido. In babu ɗan ƙyalli a cikinta, fitilar ta yi sama da yawa, ka sauke ta.

Kayan da za ka saya ba su da yawa: filasha, wato fitilar da ke walƙiya lokacin ɗauka, wadda ake saita ƙarfinta da hannu, irin su Godox TT600 ko Yongnuo YN560 IV, sai na'urar tayar da ita daga nesa, sanda mai ƙwari, maƙalin da ke riƙe filasha da lema, da farar lema. Na'urar tayarwar ta zama ta kamfanin da ya yi filashar, kuma wadda ta dace da samfurin kyamararka, don na Godox da na Yongnuo ba sa jin maganar juna. Filashar batir huɗu take ci, ka nemi masu caji. Kada saurin ɗaukar kyamara ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, gwargwadon kyamararka, in ba haka ba za ka ga baƙin layi ya yanke hoton. In za ka fita waje, ka ɗora nauyi a ƙafar sandar, domin iska kaɗan ta ishi lema ta kifar da filashar.

Wata 'yar'uwa ta ce waya kawai take da ita, tana tambaya ko fitilar zobe za ta wadatar.

Malama, waya ba ta tayar da irin filashar da na ambata, don haka fitila mai ci gaba da haske ce taki. Ta zobe tana da kyau ga bidiyo, amma in waya na tsakiyarta tana shafe inuwa gaba ɗaya, fuska ta fito ba siffa, mai tabarau kuma zobe biyu za su bayyana a gilashinsa. In kina da ita, ki cire wayar daga tsakiya ki kai fitilar gefe. In sabuwa za ki saya, na fi son faifan LED da aka rubuta CRI 95 ko sama a kwalinsa (CRI ma'auni ne na yadda fitila ke fito da launi daidai), don launin fata ya fito daidai. Ki rataya farin ƙyalle mai shara-shara a gabansa, da 'yar tazara. Kafin ki biya, ki ɗauki bidiyonsa da saitin tafiyar hawainiya; in yana ƙyafta-ƙyafta, ki bar shi.

Tambaya ta ƙarshe ta taɓa ni: "Duk mai duhun fata da na ɗauka, ko ya fito baƙi ƙirin, ko goshinsa ya riƙa sheƙi. Ƙarin fitila zan saya?"

A'a, ɗan'uwa. Kyamararka na auna hasken hoton baki ɗaya, to in akwai fararen kaya ko bango mai haske, sai ta rage, fuska ta nutse. Ka auna daga fuskar, ko ka saita da hannu. Sheƙin kuwa ƙaramin haske mai kaifi ne ke kawo shi. Fata mai duhu da ƙyallinta take nuna siffarta, kuma in hasken ya yi faɗi, ƙyallin nan yakan shimfiɗu a goshi da kumatu, ya yi kyau ƙwarai. Ka ƙara girman lema, ka matso da ita, a goge maiƙon fuska kafin ɗauka.

Abin da za ka ƙara shi ne faifan mayar da haske, irin mai fuska biyar: fari, azurfa, zinariya, baƙi, da mai tace haske. Ka riƙe farin a gefen inuwa ko ƙarƙashin haɓa. In bai isa ba ka juya na azurfa. Na zinariya yakan sa fata ta yi ja fiye da kima. Farin kwali babba ma yana yin wannan aikin. Roƙona ɗaya: kada ka je kwamfuta ka haskaka fatar mutum har ta daina zama tasa. Ka ɗauki hoto ɗaya da faifan, ɗaya babu, ka jera su ka turo mini, mu duba inda za ka matsar da shi.